Harshen Ɗakin Awo: Nazarin Hausar da Malaman Jinya ke Wayar da Kan Mata da Ita a Keffi

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana kan ce rigakafi ya fi magani. Sai dai kafin allura da ƙwaya su yi nasu aikin, rigakafi na farko da ake yi wa mace mai juna biyu shi ne na magana, wato bayanin da malamar jinya ko ungozoma take yi wa mata a ɗakin awo. Idan bayanin ya shiga kunne ya zauna a zuciya, mace za ta gane alamar haɗari ta garzaya asibiti a kan lokaci. Idan kuwa ya wuce ta saman kanta, za ta koma gida da kati a hannu ba tare da ta ƙaru da komai ba.

Wannan muƙala za ta yi tsokaci ne a kan irin Hausar da ake amfani da ita wajen wannan aiki a garin Keffi da kewaye. Za a dubi kalmomin aro da na asali, da sakaya zance saboda kunya, da kalmomi masu harshen damo, da matsalar furuci, da kuma yadda ake auna lokaci da magani. Manufa ita ce ɗalibin harshe ya ga cewa darussan da muke yi a aji a kan ma'ana da tsarin sauti da fassara suna da aiki a wurin da kuskuren kalma ɗaya kan iya jawo asarar rai.

2.0 Keffi da Matsayin Hausa a Cikinta

Tarihi ya nuna cewa Abdu Zanga, wani Bafulatani daga ƙasar Katsina, shi ne ya kafa Keffi a farkon ƙarni na 19, kuma masarautar ta kasance ƙarƙashin Zazzau kafin zuwan Turawa. A ranar 1 ga Oktoba, 1996 aka cire Jihar Nasarawa daga Jihar Filato, aka mai da Lafiya babban birninta. Keffi kuwa, wadda ke da nisan kimanin kilomita 50 daga Abuja, ta sami Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya a shekarar 2000, sannan Jami'ar Jihar Nasarawa ta fara aiki a cikinta a 2002.

Yankin ya tara al'ummomi da dama. Akwai Gwandara da Gade da Gbagyi da Yeskwa da Afo da Mada da Eggon da Fulani da Hausawa, ga kuma Tibi da Ibo da Yarabawa da sana'a ko aiki ya kawo. Hausa ita ce harshen da yawancin waɗannan jama'a suke haɗuwa a kansa a kasuwa da tasha da asibiti, sai Ingilishi da Burokin suna taimaka mata. Saboda haka sau da yawa malamar jinyar da ke bayani da matar da ke sauraro dukkansu Hausa harshe na biyu ne a wurinsu. Ita malamar da Ingilishi aka horar da ita, da Hausa za ta yi bayani, mai sauraro kuma ta yiwu ta sake juya zancen zuwa harshenta idan ta koma gida tana faɗa wa mijinta ko uwar mijinta. Ke nan saƙo ɗaya yakan ratsa harsuna uku kafin ya kai ga wanda zai yanke shawara.

3.0 Dalilin Wayar da Kan Mata

A shekarar 1978 ƙasashen duniya suka yi taro a Alma-Ata, inda suka sanya ilimantar da jama'a a sahun farko na abubuwan da suka ƙunshi kiwon lafiya a matakin farko. A Nijeriya, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe Ma'aikatar Lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ne ya yi tsayin daka wajen kafa wannan tsari, kuma a 1992 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da shi. A 2009 aka ɓullo da shirin tura ungozomomi zuwa ƙananan asibitocin karkara.

Duk da haka matsalar ba ta kau ba. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa mata 512 ne ke mutuwa a cikin kowace haihuwa 100,000, kuma kashi 39 cikin ɗari ne kawai na haihuwa ake yi a asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa daga cikin mata 287,000 da suka mutu a duniya sanadiyyar ciki da haihuwa a 2020, kimanin 82,000 'yan Nijeriya ne. Tun da daɗewa, binciken da Farfesa Kelsey Harrison ya jagoranta a Zariya a kan haihuwa 22,774 tsakanin 1976 da 1979 ya gano cewa matan da ba su yi awo ba sun fi mutuwa nesa ba kusa ba a kan waɗanda suka yi, kuma ilimin mace yana da babban tasiri a kan tsirarta.

A 1994 wasu masana biyu, Thaddeus da Maine, suka bayyana jinkiri iri uku da ke kashe masu haihuwa: jinkirin yanke shawarar zuwa asibiti, da jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na biyu batun hanya ne da mota, na uku batun kayan aiki ne da ma'aikata. Na farkon kuwa yawanci batun sani ne da fahimta, kuma nan ne harshe yake shigowa.

Mace ta koyar da 'yar'uwarta mace ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1793-1864) ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji suke ɗaukar karatu a wurinta cikin waƙa su kai wa matan ƙauyuka. Hausawa ma na cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Malamar jinyar da ke tsayawa gaban mata da safe kafin a fara awo, ko take bin su unguwa-unguwa ranar rigakafi, a kan wannan turba take.

4.0 Kalmomin Ɗakin Awo

Ana iya kasa kalmomin da ake ji a wurin zuwa gida uku.

4.1 Kalmomin asali. Waɗannan su ne irin su naƙuda da jego da goyo da yaye da ɓari da cibiya da mabiyiya da dakashi. Wasu daga cikinsu ma'anarsu ta faɗaɗa. Ungozoma a da tsohuwa ce da ke yanke cibiya ta wanke jariri a gida, yanzu kuwa har da wadda ta yi makaranta ta sami lasisi. Awo da na hatsi ne a kasuwa, yanzu idan mace ta ce za ta je awo kowa ya san inda ta nufa.

4.2 Kalmomin aro. Daga Ingilishi aka aro asibiti da likita da nas da kati da tiyata da sikanin da maleriya da taifot da sikila. Allura kuwa daga Larabci ta zo, kuma tana nufin ta ɗinki kafin ta koma ta asibiti. Duk waɗannan sun bi tsarin sautin Hausa, wanda ba ya son baƙaƙe su cunkushe a farkon kalma, shi ya sa aka saƙa wasali a sikanin da sikila.

4.3 Ƙirƙira ta hanyar bayani. A nan ne aka sami hawan jini da ƙarancin jini da ƙarin ruwa da yoyon fitsari da zazzaɓin cizon sauro da gidan sauro da tazarar haihuwa da sankarar bakin mahaifa. Wannan rukuni shi ya fi amfani wajen koyarwa, domin sunan da kansa darasi ne. Wadda aka ce mata tana da maleriya an gaya mata sunan ciwo ne kawai. Wadda aka ce mata tana da zazzaɓin cizon sauro an gaya mata har da abin da ya kawo shi, saboda haka maganar kwana a gidan sauro ba za ta zo mata a baƙuwa ba.

5.0 Kunya da Sakaya Zance

Bahaushiya ba ta cika cewa tana da ciki ba, sai dai a ce tana da juna biyu. Ba a cewa ta haihu a gaban manya, sai a ce ta sauka. Haila takan zama al'ada ko fashin salla, saduwa da miji takan zama kwanciya, al'aura kuma gaba ko ƙasa. Haka nan mace ba ta kiran sunan mijinta, sai maigida ko Malam ko baban wane, da yawa kuma ba sa kiran sunan ɗan fari. Malamar da ta san wannan ba za ta ɗauki shirun mace wajen cike kati a matsayin taurin kai ba, za ta nemi wadda ta rako ta ta faɗi sunan.

Sakaya zance tana da amfani, domin ita ce ke sa mata su saki jiki su saurara. Amma tana da iyaka. A ce mace ta zo ta ce, “Anti, ƙasana ne ke damuna.” Wannan jimla tana iya nufin ƙaiƙayi ko fitar ruwa ko ciwon mara ko zubar jini, kuma na ƙarshen ga mai juna biyu abin gaggawa ne. Dabarar ita ce a fara da sakayawa, sannan a matsa da gajerun tambayoyi waɗanda amsarsu i ce ko a'a: “Maman Ladi, kin ga jini? Da yawa ne? Tun yaushe?” Mai kunya ta fi iya gyaɗa kai a kan ta buɗe baki ta yi bayani.

Kunya ta fi tsanani a haihuwar fari, inda ake yaba wa yarinyar da ta daure naƙuda ba tare da an ji ta ba. Wannan dauriya tana cikin abubuwan da ke sa a yi doguwar naƙuda a gida, kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara har naman wurin ya mutu, a sami yoyon fitsari. Asibitin Babbar Ruga da ke Katsina, inda Dokta Kees Waaldijk ya shafe shekaru yana ɗinke irin waɗannan mata, shaida ne a kan girman matsalar. Don haka bayanin ba mai cikin kaɗai ya shafa ba, har da tsofaffin gida, kuma su da lafazin girmamawa ake yi musu magana: “Inna, ku taimaka mana, idan yarinyar nan ta fara da asuba har magariba ba ta sauka ba, ku sa a kawo ta.”

6.0 Kalmomi Masu Harshen Damo

Akwai kalmomin da ma'anarsu a asibiti ta sha bamban da ma'anarsu a gida. Ga kaɗan daga ciki:

(a) Zaƙi da gishiri. A tsohon tunanin Bahaushe zaƙi wani abu ne da ke taruwa a jikin mai ciki ya hana ta haihuwa da sauƙi, gishiri kuma wata larura ce da ake jin tana toshe gaban mace, har ake yin yankan gishiri domin ta. Lewis Wall ya yi bayanin irin waɗannan a littafinsa na 1988 a kan magungunan Hausawa. Idan malama ta ce, “An ga zaƙi a fitsarinki,” tana nufin alamar ciwon sukari, mai sauraro na iya fahimtar cewa jiƙon maganin zaƙi ake so ta sha.

(b) Ƙari. Ƙarin jini da ƙarin ruwa magani ne, amma ƙari a mahaifa ciwo ne.

(c) Sanyi. Ciwon sanyi yana iya zama mura, ko ciwon gaɓoɓi, ko cutar da ake ɗauka ta saduwa. Muddin mace ta ɗauka iskar damina ce ta jawo mata, ba za ta ga dalilin da zai sa a ce a yi wa mijinta magani tare da ita ba.

(d) Shawara. Kalmar tana nufin nasiha, tana kuma nufin ciwon da ke mai da idon jariri rawaya.

(e) Jijjiga. Wannan ita ce suma da karkarwa da hawan jini ke jawo wa mai ciki ko mai jego. A gida sau da yawa iskoki ake dangantawa da ita, sai a tsaya hayaƙi da tofi. Shi ya sa ake koyar da alamomin da kan riga ta zuwa: matsanancin ciwon kai, da gani dishi-dishi, da kumburin fuska da hannu.

Wani misali da ya kamata ɗalibin fassara ya riƙe shi ne bambancin ƙayyade iyali da tazarar haihuwa. Na farko yana nuna an sa wa yawan 'ya'ya iyaka, abin da mutane da yawa suka ƙi saboda addini da al'ada. Na biyu kuwa ya dace da abin da aka riga aka sani, domin Hausawa na kushe kwanika, wato ɗaukar ciki ana tsakiyar goyo, kuma Alƙur'ani ya ambaci shayarwa ta shekara biyu. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ma ita ce a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani cikin. Abin da ake nufi kusan ɗaya ne, amma ɗaya lafazin yana rufe ƙofa, ɗayan yana buɗe ta. Wanda ya tuna yadda aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004 saboda jita-jitar hana haihuwa, ya san abin da rashin yarda kan haifar. Sai a watan Agusta na 2020 aka tabbatar da kawar da ƙwayar cutar ta asali daga Afirka.

7.0 Furuci da Jinsi

Mu da muka koyi Hausa a matsayin harshe na biyu mun san cewa baƙaƙe masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, tare da ts, su ne suka fi wuyar kamawa, kuma a Hausar kasuwa ta wannan yanki sukan koma b da d da k da s. A hira ta yau da kullum yanayin zance yakan warware ma'ana, amma a ɗakin awo ga abin da ke iya faruwa:

bari (ƙyale) da ɓari (zubewar ciki)
kafa (dasa) da ƙafa (gaɓar jiki)
saya (ciniki) da tsaya (daina tafiya ko zuba)

Haka kuma akwai masu amfani da ya ga namiji da mace baki ɗaya. Idan aka aiko yaro ya ce, “Ya suma,” alhali a ɗakin akwai mai jego da jaririnta namiji, ba a san wanda za a fara dubawa ba. Wannan ba dalili ba ne na raina Hausar kowa. Dalili ne na a riƙa ƙara kalmar da za ta fayyace, a ce ɓarin ciki, a ce uwar ko jaririn, sannan a sa mai sauraro ta maimaita abin da ta ji da bakinta.

8.0 Auna Lokaci da Magani

Asibiti da mako yake lissafin ciki, mako 40, mata kuwa da wata suke yi, kuma da yawa ba watan Bature suke bi ba. Tambayar ranar da mace ta ga al'adarta ta ƙarshe ta fi samun amsa idan aka jingina ta da azumi ko ƙaramar salla ko babbar salla ko Mauludi, ko Kirsimeti da Ista ga Kirista, ko lokacin shuka da girbi. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da yawan zuwa awo sau 8 maimakon 4, saboda haka riƙe ranaku ya ƙara muhimmanci. Haka ma rigakafin yara: ranar haihuwa, da mako 6 da 10 da 14, sannan wata 9.

Misalin ruwan gishiri da sukari na maganin gudawa ya nuna cewa ma'auni ma yana da al'ada. A shekarun 1980 an koyar da cewa a zuba gishiri ƙaramin cokali 1 da sukari ƙaramin cokali 10 a ruwa cikin kwalbar giya ɗaya ko kwalbar lemo biyu. A gidan Musulmi kwalbar lemo ce kawai ma'aunin da za a iya ambata. Yanzu an fi ba da garin da ke cikin 'yar leda a zuba a lita 1 ta ruwa mai tsabta, tare da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14.

Dangane da shayarwa, abin da ake koyarwa shi ne nono zalla har wata 6, wanda binciken 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari ne kawai na jarirai ke samu. Kalmar zalla ba ta wadatar ba, domin uwa na iya cewa nono zalla take ba ɗanta alhali tana ɗura masa ruwa da rubutu da jiƙo, tun da a ganinta waɗannan ba abinci ba ne. Dole a ce ko ruwa ba a ba shi. Haka dakashi, wanda wasu ke matsewa su zubar, idan aka kira shi rigakafin farko na jariri yakan sami karɓuwa.

9.0 Waƙa da Karin Magana

A ɗakunan awo da yawa akan fara da addu'a, sannan waƙa da tafi da ɗan motsa jiki. Malama ta ba da baiti, mata su amsa. Amshi yana sa wadda ba ta iya karatu ba ta haddace jerin alamomin haɗari ko na abinci mai gina jiki, kamar yadda jajoji suka haddace karatunsu. Karin magana kuma yana rage zafin gyara. Likitoci a Zariya sun danganta ciwon zuciyar masu jego da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a kan gado mai wuta da yawan shan kunun kanwa. Malamar da ta ce wa tsohuwa al'adarku jahilci ce ta rasa ta har abada. Wadda ta ce, “Inna, lafiya uwar jiki, a yi wankan amma a sirka ruwan, a kuma rage kanwar,” ta fi kusa da samun abin da take nema.

10.0 Kammalawa

Wannan muƙala ta nuna cewa aikin wayar da kan mata aiki ne na harshe kamar yadda yake na kiwon lafiya, musamman a gari irin Keffi inda Hausa take haɗa mutanen da ba ita suka sha a nono ba. An ga cewa kalmar da ke bayyana kanta ta fi ta aro koyarwa, kunya tana buƙatar dabara, kuma kalma ɗaya na iya samun ma'ana biyu tsakanin gida da asibiti.

Bargery ya ba mu ƙamusu a 1934, Ɗalhatu Muhammad ya shirya na keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi a 1990, Jami'ar Bayero kuma ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Abin da ya rage mana mu ɗalibai shi ne mu sauka daga aji. Mai neman batun kundin digiri yana iya neman izini ya zauna a ɗakin awo, ya tattara kalmomin da malamai da mata ke faɗa ba tare da rubuta sunan kowa ba, ya jera kowace kalma da takwararta a Gwandara ko Gade ko Eggon ko Mada, sannan ya kai wa ungozomomi su duba. Ɗan littafi mai shafi 20 na irin wannan zai amfani sabuwar malamar jinyar da aka turo daga wata jiha tun ranar da ta fara tsayawa gaban mata. Allah Ya sauki masu juna biyu lafiya, amin.